Fayil Mai Suna Kasa

Kazaure, Talata

Zuwa ga Adda Mairam,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutan Babura. Yaya ƙafar Inna?

Adda, na gaji. Kwana uku ke nan ina zaune gaban baƙin allo. Kin san a wurin aikinmu na gwajin ƙasar noma, babbar kwamfuta ɗaya ce, an yanka wa kowa rabonsa na wurin ajiya. Ni da Malam Jalaluddeen, abokin aikina, rabo ɗaya muke amfani da shi, kuma ya cika maƙil. Na rubuta umarnin goge tsofaffin fayiloli, sai ta ce wai rabo ya cika. To ba shi ya sa nake gogewar ba? Kamar ɗakin da shirgi ya tokare ƙofarsa, ba dama a fitar da shara.

Ranar Alhamis za a fitar wa manoman Roni da Gwiwa sakamakon gonakinsu kafin su sayi taki. Shi kuma Malam yana Gwiwa, waya ba ta shiga.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Bahijja

Kazaure, Laraba

Adda,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa kun tashi lafiya.

Mai kula da kwamfutar ya yi min bayani: gogewar ma sai da ɗan fili take yiwuwa. Ya ce in nemi babban fayil mara amfani in zazzage cikinsa tas, sauran za su gogu. Ya kuma ja kunnena, abin da aka zazzage ba ya dawowa.

Na ga wani ƙato mai suna kasa. Na ce ai gwaje-gwajen da suka kasa ne Malam ya tara. Na zazzage shi. Nan take komai ya daidaita, har na yi hamdala na tashi na yi sallar azahar.

Ina sallamewa sai na tuna wani abu. Adda, madannan kwamfutar Malam ba su da harafi mai ƙugiya. Ƙasa yake nufi. Awon gona ɗari huɗu ne, aikin shekara biyu da ya yi a kan babur. Na bincika ko'ina, babu kwafi.

Ban yi kuka ba, ƙarfin ma babu. Ɗazu wayarsa ta shigo, yana tambaya ko komai ya kammala, ga manoma nan zaune tare da shi. Na ce masa ya iso tukuna.

Gobe da hantsi zai iso.

Taki,
Bahijja