Harsasan da Na Saya wa Baba

Kawu Dragiša, don Allah ka ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Mahaifina shekararsa saba'in da ɗaya, arba'in daga ciki yana harbin gasa da ƙaramar bindiga, daga nisan mita hamsin, yana kwance. Ranar da ya cika saba'in na saya masa harsashi kwali goma. Ban san komai a harkar ba, na ga an rubuta "mai tsananin gudu" a jiki, na ɗauka shi ne mafi kyau. Ya rungume ni, har ya nuna wa maƙwabta.

Tun daga nan harbinsa ya watse. Da, tsabar kuɗi ɗaya kan rufe ramukan harbinsa goma, yanzu sai tafin hannu. Abokinsa Milutin kullum a wurin shan kofi sai ya ce masa, tsoho, ka koma kamun kifi tun ba ka harbe alƙalin gasa ba. Baba ya yi dariya, amma ya ce idonsa ne ya tafi, zai sayar da bindigar bayan gasar kaka. Makon jiya wata mai harbi ta ce mini wataƙila harsashin ne. Na kasa yi masa maganar. Ni na jawo?

Mai cizon yatsa, daga Čačak

'Yata, kwantar da hankalinki. Matar nan ta yi gaskiya. Harsashin da ya fi sauti gudu yakan rage sauri a hanya, kuma daidai inda ya faɗo ƙasa da gudun sauti yakan yi tangaɗi. Iska ma ta fi ture shi. Na gasa bai kai gudun sauti ba tun fitowarsa, kuma kowane ɗaya saurinsa kusan daidai da na ɗan'uwansa. Daidaiton nan ake nema.

Sai dai mai shekara arba'in a filin harbi ya san wannan sarai. Ina zaton ya gwammace a ce idonsa ne da a ce kyautar 'yarsa ce. Ido kuma yana iya raunana da gaske, kada ki kore wannan.

Ki sayi kwali ɗaya na gasa. Ki zaɓi safiyar da ba iska, ya harba goma da wannan, goma da wancan. In duka sun watse, sai likitan ido. In sabon ya haɗu wuri ɗaya, ki ce masa ke kika yi kuskure, ki karɓe ragowar waɗanda kika ba shi kyauta da hannunki, don shi ba zai taɓa daina amfani da su ba.

Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gayyaci Milutin ya zo kallo.