Motar da Ta Ƙi Gaba

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Mardiyya ta kira daga Yamai. Maganarta ɗaya ce tun da hawan jini ya kashe mini ƙafar hagu: in rufe gida in koma wurinta. Na tuna mata yarjejeniyarmu. Muddin ina kai kaina asibiti da masallaci da kasuwa a motata, ina nan Dutsi. Ran da mota ta tsaya, ta zo ta kwashe ni. Ita ta kawo sharaɗin, don a ganinta tsohuwar mota 'yar Kwatano ba za ta ga baɗi ba. 'Yata ce, ta iya jira.

Otomatik ce, ba don gayu ba. Ƙafar da za ta taka ambiriyaj, wato kuloci, ba ta ɗaguwa. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da kimiyya a kwaleji, ministoci biyu sun zauna a ajina, abin da ya rage mini shi ne ƙafa ɗaya da harafin D.

Alhamis, 5 ga Satumba

Da hantsi Is'haƙa maƙwabcina, mai awon hatsi, ya yi sallama, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malaman boko a nan. "Mushe, likita ya ce a mai da tsohuwa gida." Kowa ya san abin da wannan ke nufi. A unguwar nan mai mota ba ya cewa a'a. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, wanda za a kai ƙauye ya cika a ɗakinsa, duk ƙofata. Ba roƙo suke yi ba, sanarwa ce.

Ƙauyensu gaba da Kiyeshe yake. Ruwan bana ya tara yashi a ƙoramar da ke hanya, muka kafe. Masu yankan gero suka fito daga gona suka dafa motar, suka yi yadda suka saba da manyan motocin kasuwa: "Gaba, Mushe! Baya! Gaba!" Ni kuma ina jefa giya daga D zuwa R, daga R zuwa D, taya na juyawa a banza. Kowace jefa sai na ji wani abu ya buga a ƙarƙashina. Na san bwat ɗin otomatik, wato akwatin giyar, ba ta son haka, man cikinta ke tafasa. Amma tsohuwar na bayana, numfashinta na fita kamar ana jan zarto. Wa zai tsaya yi wa masu tura mota darasi?

Da muka fita, wari ya cika motar. Irin na ƙanzon tuwo.

Jumma'a, 6 ga Satumba

Tsohuwar ta cika da asuba, a ɗakinta. Sun ce an gode Allah da aka kai ta da rai.

Litinin, 9 ga Satumba

Da safe in na sa D ba ta kamawa nan take. Sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can kuma ta zabura, kaina ya bugi kujera. A kan gudro, titin kwalta, inji na ta kuka, allura na hawa, gudu bai ƙaru ba. Daga giya ta biyu zuwa ta uku nan take santsi.

Na zaro sandar awon man bwat na shafa a farin ƙyalle. Ja ya kamata ya kasance. Ya koma kamar shayin da aka manta a kan gawayi.

Littafin motar, da Faransanci mai kyau, ya ce ba a sake wannan mai, zai kai ƙarshen motar. Wanda ya rubuta bai taɓa ganin ƙoramar Kiyeshe ba.

Jumma'a, 13 ga Satumba

Garajin Rabo. Ɗalibina ne da can, bai gama aji huɗu ba. Ya shinshina sandar ya yamutsa fuska.

"Mushe, wagga bwat ba mu buɗe ta nan. Ko Doso sai mutum guda, shi ma sai in ya ga dama."

Na ce mai kawai nake so ya sake.

"Wasu na cewa a sake, wasu na cewa in ya tsufa haka a bar shi. Ni duka biyun na ga sun mutu."

Na ce to wacce ta fi daɗewa?

"Wadda mai ita ya saida ta da wuri."

Ya yi dariya shi kaɗai. Bai sani ba, ni ma ban sani ba. Garin nan cike yake da otomatik yanzu, kowane ma'aikaci da tasa, kuma babu mutum ɗaya da ya san abin da ke cikinta. Haka muke da komai.

Lahadi, 15 ga Satumba

Mardiyya ta tambayi mota. Na ce lafiya lau.

Laraba, 18 ga Satumba

Na yanke shawara: a sake. Ba zan iya zama ina kallon baƙin mai in kira shi magani ba. Luƙman mai shagon kayan gyara, ɗaya daga cikin samarin nan masu ɗage wando da ba sa gaishe ni sai da sallama cikakkiya, ya kawo galan a rufe daga Najeriya. Ya rantse na gaske ne. Na ce rantsuwa ba ta cikin abubuwan da ake aunawa. Ya ce, "Baba, kai kam ba ka yarda da kowa." Gaskiya ya faɗa.

Rabo ya kwance farantin ƙasa. Abin da ya zubo baƙi ƙirin, da ƙyalli-ƙyalli a ciki. Mayen ƙarfen da ke gindin farantin ya yi gashi da garin ƙarfe. Na murza man a yatsuna, na ji tsaki-tsaki kamar garin dawa da ba a tankaɗe ba. Rabo ya zuba sabo, ya tada inji, ya sake zubarwa, ya sake zubawa, har sai da ya fito ja garau. Ni na ce ya yi hakan. Shi ma ya ga dacewarsa.

Asabar, 21 ga Satumba

Tana shiga giya kamar sabuwa. Na je Kore Mairuwa na dawo ba don komai ba, gilashi a buɗe, gonaki cike da dammunan gero. Na saya wa kaina tsire. Rabon da in yi haka tun matata Habsatu na da rai.

Laraba, 25 ga Satumba

Santsin ya dawo, ya fi na da. Yanzu har a giya ta ɗaya.

Na zauna na yi tunani kamar yadda nake sa yara su yi a aji. Tsakin da na ji a yatsuna, fatar faifan da ke kama giya ce, ta goge ta narke a cikin mai. Faifan sun zama sumul tun ranar ƙorama. Wannan dattin da ke yawo a tsakaninsu shi ne ɗan abin da suke kamawa da shi. Mun wanke shi tas. Da mun bari ma mutuwa za ta yi, sai dai wataƙila ta kai sanyi. Ga bayani mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Da ajin jarrabawa ne da sun rubuta.

Jumma'a, 27 ga Satumba

An sauko daga masallaci, na shiga, na sa D. Inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Na sa 2, na sa L. Ba komai. Na sa R, ta kama caraf.

Jama'a suka taru za su tura. Na ce otomatik ba ta tashi da turi, kuma ba tashi ne matsalarta ba. Wani ya ce iska ce, a kira masu bori. Wani ya ce masa wannan shirka ce. Suka kama musu a kaina.

Da baya na koma gida. Daga masallaci har ƙofata, wuya a murɗe, hannu a bayan kujera, yara na bina suna tafi. Ban bugi komai ba. Ko akuya ban taɓa ba. Babu wanda zai lura da wannan.

Asabar, 28 ga Satumba

Wani ya ɗauki bidiyon abin a waya. Kafin azahar ta kai Yamai. Mardiyya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Baba, wuyanka bai yi ciwo ba?"

Talata, 1 ga Oktoba

Rabo ya ce sai dai wata bwat ɗin ta hannu. Da daga Kwatano ake kawowa, yanzu iyaka a rufe, wadda ta zagayo kuma ba ta ɗan fansho ba ce. Ya ce in ya ji labari zai faɗa mini. Haka ake cewa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Jiya ranar awon jinina ce. Na gwada hawa kabu-kabu, ƙafar ta ƙi tsallaka sirdi. Mai babur ya jira, ya jira, ya ce Allah shi ƙara sauƙi, ya tafi.

Yau da rana naƙuda ta kama matar Is'haƙa. Ina zaune a zaure na ga sun wuce da ita a amalanke, ko ƙofata ba su kalla ba. Ba laifinsu. Shekara nawa ina fatan ranar da za a daina buga mini ƙofa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ni na kira Mardiyya yau. Na ce ina so in ji lafiyar yara ne. Muka yi maganar makarantarsu, na ce malaman yanzu ba su san komai ba, ta ce haka ne, Baba. Ba ta ambaci mota ba, ba ta ambaci yarjejeniya ba.

Har za ta kashe na tambaye ta ɗakin nan da take faɗa za ta ba ni a gidanta, ko a ƙasa yake ko sai an hau matakala. Ta ce a ƙasa yake.

Tambaya kawai na yi.