Maɓallin Ukasha

Legas.

Zuwa ga taubashina Ukasha,

Assalamu alaikum. Damina biyu ke nan rabona da gida, ga ta uku tana haɗa hadari. Ina fatan kana lafiya, kai da Amarya da yara. Yaya ƙafar Kawu? Ka durƙusa ka gaishe min da shi yadda ya kamata, ba irin gaisuwarka ta tsaye ba. Yaya Babura, yaya shago?

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, kuma wannan maganar tana son a kai ƙarshenta. Daudu direba zai kawo maka.

Maganar manhajar rubutu ce, wadda kake buga takardu da ita, wadda nake ci a ƙarƙashin masu yin ta. Ka tuna lokacin da aka ɗauke ni aiki aka ce in kula da ɓangaren gyaran kurakurai, na zo gida muka zauna a bencin shagonka muna raɗa wa umarni huɗu suna? Na kawo "Je ka zuwa ga kuskure mai biyowa", ka ce wannan sai mai karanta labarai a rediyo, kuma kafin a gama faɗarsa kuskuren ya tsufa. Kai ka yanke: Kuskure na gaba, Kuskure na baya, Gyara, Ƙyale. Kai ka kuma nuna maɓallan da ɗan yatsa, jere a layin sama, F7 zuwa F10, kowanne shi kaɗai ba tare da an riƙe wani ba, saboda hannun da hatsarin hanyar Kanya Babba ya bar maka ɗaya ne. A lokacin kamfanin bai fi ɗaki guda ba, babu wanda ya tambaye ni dalili. Aka sa.

To yanzu kamfani ya yi ƙiba. Za a fitar da sabuwar manhaja, kuma Oga Bartholomew, wanda ke shugabantar mu, ya ce a cire maɓallan nan. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da hujja. A sababbin kwamfutoci layin saman nan na ƙara murya ne da hasken allo. Mutum ya danna F8 yana neman kuskure, sai waƙa ta tashi a ofis. Ƙorafe-ƙorafen sun zo da yawa, ni ma na karanta su. Abin da suka zaɓa a madadi shi ne a riƙe Kontrol a danna alamar baka mai kusurwa. A kibod ɗin Turanci babu laifi, ko mai hannu ɗaya zai iya. Amma kwamfutarka daga Magaria ta Nijar ta zo, da sefa ka saye ta, jerin haruffanta na Faransanci ne, kamar na kusan duk wanda na sani a bakin iyakar nan. A wurinku alamar tana ɓoye ƙarƙashin wani maɓalli, sai an riƙe na uku take fitowa, ga Kontrol ɗinka guda ɗaya can a kusurwar hagu. Na zana kibod ɗinka a bayan kwali, na cusa hannun hagu a aljihu, na gwada. Bai kai ba. Martina, abokiyar aikina, ta same ni a haka. Ba ta yi dariya ba, ta ce in sake ta gani.

Sunayen ma ba su tsira ba. Wai kalmar kuskure tana ɓata wa mai rubutu rai, gara a ce "Abin lura na gaba". Mun shafe yini a kan wannan, manya da gemu.

Na faɗa musu akwai irinku. Oga ya buɗe alƙaluma ya nuna min: masu kibod ɗin Faransanci ba su kai a ambata ba. Gaskiya ne, abin da allon ya nuna ke nan. Sai dai kwamfutar da ta hau intanet kawai yake ƙirgawa. Taka, da ta Lauwali a Roni, da na mutanen Gwiwa, duk a filash ake kawo muku manhajar daga Kazaure. A lissafinsu babu kai, taubashi. Ni da nake ganin ka cika duniya da surutu.

Kada ka ce za ka zauna a kan tsohuwar. Makarantun da ke ba ka bugun jarabawa za su koma sabuwa, kuma tsohuwar ba za ta buɗe takardunsu ba. Na san aikin jarabawar nan shi ke riƙe da gidanka, kuma na san saurin gyaranka ne ya sa ba su kai shi Kazaure ba.

Abu ɗaya na samu. Oga ya yarda a kira mutum guda daga cikinku a ji ta bakinsa, in abin ya kai yadda na faɗa za a sake dubawa. Na ba da lambarka. Martina ce za ta kira, 'yar Jos ce, tana jin Hausa. Don Allah ka faɗa mata yadda abin yake. Yadda yake kawai.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Sama'ilu

Legas.

Ukasha,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da Amarya da yara da Kawu. Ni lafiya lau, in ban da abin da ka yi min.

Ina wurin lokacin da Martina ta kira ka. Ba ka sani ba, amma ina zaune a gefen tebur, an buɗe muryar wayar kowa yana ji. An ce kada in sa baki don kada a ce na kitsa maka, kuma na ga adalcin hakan, na yi shiru. Na ji ka gaishe ta, ka tambayi aiki, ka tambayi gajiya, ka tambayi mutanen gidanta da ba ka taɓa gani ba. Da ta ce maka shugabana yana saurare, na ji muryarka ta canza, ta koma irin wadda kake yi wa hakimi.

Ta yi maka bayanin sababbin maɓallan dalla-dalla. Ta tambaye ka ko za su ba ka wahala. Ka ce:

"Babu matsala ko kaɗan, ranki ya daɗe. Duk abin da Sama'ilu ya sa hannu a kai mai kyau ne."

Ta dube ni. Wallahi yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Ta sake tambaya ta wata hanya, ta ce ko akwai wani abu game da yadda kake bugu da ya kamata su sani. Ƙofa ta buɗe maka, saura ka ce hannu. Ka ce alhamdulillahi, kana bugu kamar kowa. Ta ce to kibod ɗin fa? Ka ce kibod garau yake, Allah ya saka wa kamfani da alheri, ya ƙara wa Oga girma.

Oga ya ce ta fassara, ta fassara abin da ka faɗa, don ba za ta fassara abin da ba ka faɗa ba. Ta ƙara da cewa mutanenmu ba sa kushe abu a gaban mai shi. Ni ma na buɗe baki na ce a wurinmu in baƙo ya tambaye ka lafiya, ko a gadon asibiti kake lafiya lau za ka ce. Oga ya saurare ni har na gama, ba ya katse mutum. Sannan ya ce ya yarda da ni, amma ga alƙaluma sun ce babu ku, ga mutumin da na kawo da kaina ya ce babu matsala, shi da me zai je gaban masu kamfani? Da ni ne a kujerarsa ban san abin da zan yi dabam ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai.

Na roƙi a bar kowa ya zaɓi maɓallansa da kansa. Ya ce shawara ce mai kyau, za a yi nan gaba. Na san nan gaban gidan nan, akwai abubuwan da ke jira a cikinta tun kafin a ɗauke ni.

Kai da ba ka taɓa raga min ba tun muna yara, kai da ka ce hulata ta aure kamar murfin kwano, ranar da nake neman ka kushe aikina ranar ka zaɓa ka yabe ni.

Ka gaida Kawu. Kada ka gaya masa wannan.

Sama'ilu

Legas.

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. An ce ruwa ya sauka, Allah ya sa mai albarka ne.

Ba ka amsa takardata ba, amma Amarya ta kira ni. Kada ka yi mata faɗa. Ta ce bayan ka ajiye wayar ka ce mata ba za ka zama sanadin da za a ce aikin ɗan'uwanka bai yi ba a gaban ubangidansa, yana can bakin duniya ba shi da kowa. Kuma ba za ka ɗaga dungu ka nuna wa matar da ba ka sani ba don a tausaya maka. Na ji. Abin da na rubuta cikin fushi, ka ɗauki rabi ka zubar da rabi.

Ta kuma gaya min Malam Muhammadu Lawal, mai makarantar da ta fi ba ka aiki, ya riga ya yanke zai koma sabuwar manhajar, ya ce in jarabawar wannan zangon ta makara zai kai ta Kazaure. Shi ma ba zan zarge shi ba, iyayen yara ne a wuyansa. Na gwada gyara shafi guda yadda za ka yi yanzu: ɗaga hannu daga haruffa, lalubo kuskure da maus, komowa, sake ɗagawa. Na ga abin da zai ci maka. Ban san ko za ka kammala a kan lokaci ba, kuma daga nan babu abin da zan iya.

Na yi tunanin ajiye aikin. Sai na ga in na tafi, ko wanda zai zana kibod ɗinka a kwali babu.

An rufe magana shekaranjiya. Ga abin da na iya tsamowa.

Cikin maɓallan nan huɗu, babu ko ɗaya.

Cikin sunaye huɗu, ɗaya. Martina ta tsaya min aka bar "Kuskure na gaba" a ɓangaren Hausa. In ka buɗe akwatin neman umarni ka buga farkon sunan, zai kai ka. Ya fi maus, bai kai F7 ba.

Sai kibod ɗaya na Turanci, tsoho, da na roƙa a ɗakin ajiyar ofis. Yana da Kontrol a dama, hannunka zai kai. Na san shekarun da yatsunka suka yi suna haddace jerin Faransanci, kuma na san a tsakiyar aikin jarabawa zan ce su sake sabon karatu. Ƙafarsa ɗaya ta karye, sai ka sa masa kwali. Yana wurin Daudu, na naɗe shi a cikin tsohuwar rigata.

Shi ke nan abin da na tara.

Naka har kullum,
Sama'ilu