Lambar Zinaren Horia

Kaka Floarea,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwa, ya kajinki marasa ƙwai? Tun da kunne ya ƙi waya, ga ni da biro.

Ina cika takardar neman jami'ar waje, mai karatu kyauta. Wurin lambobin yabo fayau yake, domin tun rasuwar ɗan tagwaicina Horia ban sake taɓa darar Turawa ba. Malamarmu ta ce lambar yarinta ba ta cika amfani ba, amma tawa ta gasar dara ta ƙasa ce gaba ɗaya, in sa ta. In ba ita, ba za su ko dube ni ba. Suna son hotonta. Ki karɓo min ita a wurin Veta, 'yar mai haƙa kabari.

Jikarki,
Doina, Craiova

Doina,

Ina amsawa. Gwiwa na nan, kaji kuma sun fi ki kunya.

Wace lamba taki? Kin ci ɗan tagwaicinki a wasan ƙarshe, ya yi ta kuka har gida, a bazarar shekarar kuma zazzaɓi ya ɗauke shi. Da hannunki kika miƙa wa Veta lambar ta saman kabarinsa, tare da dafaffiyar alkama da kyandir, ta karɓa sadaka da sunansa, bisa al'adarmu. Abin da ya tsallaka kabari na mamaci ne, a can yake rataye a wuyansa. Ba a karɓe sadaka, 'yar nan. Ina tsoro, na faɗa miki gaskiya.

Allah Ya tsare ki,
Kakarki

Kaka,

Barka da hutawa. Kada ki yi fushi, na sa Kawu Sorin ya karɓo ta, tana hannuna. Veta ta yi ta ja da baya, wai sai da ta yi alamar gicciye a ƙirjinta kafin ta bayar. Ni na ci wasan nan, Kaka, ba kyauta aka ba ni ba! Ina kewar Horia kullum, amma shi ba jami'a zai je ba. Ban aika takardar ba tukuna.

Taki,
Doina

Doina,

Gaisuwa. Allon dararku yana kan kabad inda kuka bar shi, ni ƙura kawai nake share masa. Ran Talata da safe na tarar an sauko da shi kan tebur, an jera 'ya'yan, farin doki ɗaya ya fito gaba. Kujerar Horia a janye. Na mayar da komai. Washegari haka na sake gani. Ni kaɗai ce a gidan nan, kyanwa kuwa ba ta iya jera abu ba.

Sorin ya ce mai fari ke farawa, sai mai baƙi ya amsa. Ke yake jira. Faɗa min wanda zan tura.

Kakarki

Kaka,

Na karanta. Da wannan dokin yake buɗe wasa tun muna ƙanana, kuma ke ba ki san haka ba.

Ki tura baƙin sojan da ke gaban sarauniya gida biyu. Ki faɗa da ƙarfi a ɗakin, ya ji: in ya ci ni, zan mayar wa Veta lambar, in haƙura da jami'ar, in dawo ƙauye. In na ci shi, ya sakar min. Ki gaya masa ban taɓa jin daɗin nasarar nan ba.

Ki yi min addu'a,
Doina

Doina,

Na tura, na faɗa. Da safe na tarar da farin sarki a kwance. Sorin ya ce ma'anarsa ya sallama. Rubuta lambarki, ki aika.

Sai dai akwatin tafiyar da na saya miki na same shi a buɗe. A ciki an ninke hular ulu mai ja, wadda na saƙa wa Horia. Da ita muka binne shi.

Ban cire ba. Ki zo ki ɗauki kayanku.

Kakarki