An gasa mini garin ƙarfe da kuza

Daren Laraba, Kambarawa

Ko tuwo na kasa ci. Tun azumi nake niƙa garin ƙarfe da kuza a injin ɗakin gwaji, don ƙwayoyinsa su ƙanƙance, su cakuɗe babu tsari. A kan wannan hargitsin digirina ya rataya, don so nake in auna yadda yake canja ƙarfin maganaɗisu.

Yau sakamakon gwaji ya dawo. Dakta, malamin da ke duba aikina, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Hadiza, wa ya gasa miki wannan?"

Ashe Malam Sabi'u mai kula da ɗakin ne ya zaci garin ya yi danshi, ya sa shi a tanda ya bushe. Zafi ya sa ƙwayoyin suka girma, suka jeru reras. Sai cewa yake, "Wallahi taimako na nufa." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na rasa wanda zan yi wa fushi.

Abin da ya rage na kuza bai cika cokali ba, ba zai isa in sake aikin ba.

Da na shigo gida, Baba ya ɗago daga shimfiɗar jinya ya ce, "An kusa gamawa ko, ɗiyata?" Na gyara masa matashi.