Ƙwayoyin da Rifkatu ta ƙulle a bakin zani

Zuwa ga ɗana Istifanus, a Fatakwal ko duk inda kake yanzu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da aikinka. Mu nan Samaru muna nan dai.

Kai ne ɗan farina, ka sani ban taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba. Yau ga shi na rubuta shi a dandalin 'yan garinmu inda abokanka za su gani. Layinka ba ya shiga tun Ista. Da yatsa ɗaya nake buga wannan a shagon kwamfuta, in ka ga kuskure ka yi haƙuri, aji biyar na tsaya.

Maganar matarka ce, Rifkatu.

Ka tuna ranar da likita a babban asibiti ya zaunar da mu, ya ce ciwon nata MS ake ce masa. Ya ce jijiya kamar wayar lantarki ce mai roba a jiki, to robar tata ce ke cinyewa, saƙo ba ya isa inda aka aike shi. Kai ka yi ta gyaɗa kai kana masa Turanci. Bayan sati uku ka ce aiki ya kira ka. Shekara biyu ke nan.

Lokacin ƙafa ce kawai. Bayan tafiyarka fitsari ya shigo. Ba ya ba ta notis, kafin ta jawo sanda ta miƙe ya riga ya zubo. Ranar wata Lahadi a coci ya same ta a kan benci, cikin anko ɗin zumuntar mata. Ta zauna a wurin har kowa ya watse, ni na tsaya a gabanta ina yi kamar ina neman takalmina. Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Keken ɗinkinta ma na shagon Sabon Gari an kawo mana gida, yana nan lulluɓe.

Sai aka rubuta mata wata 'yar ƙwaya, safe da yamma, wai tana kwantar da mafitsara ta daina gaggawa. Ni nake shiga bas zuwa kemis a Sabon Gari in sayo. Gaskiya ta yi aiki. Bakinta dai ya bushe ƙamas, tuwo sai da miya mai ruwa, bayan gida sai ta kwana uku, amma zani ya bushe. Har ta fara fitowa tana tsinke mini barkono ina suyar ƙosai. Ɗaliban jami'a masu sayen ƙosai na ce mata anti tana dariya. Na ce mun haye.

Ashe ba mu haye ba. Zazzaɓi ya kama ta, mara na ciwo, fitsarin na wari. Aka duba a na'ura aka ce ba ya fita duka, saura na kwana a ciki yana ruɓewa, in ana haka zai hau ƙoda. Dole a riƙa sa siririyar roba a zuƙe ragowar, sau huɗu a yini. Hannunta rawa yake, yatsun ba ta jin su sosai, ba za ta iya da kanta ba.

Wata nas a asibitin ta dube ni ta dube ta, ta ce, “Ina maigidan? Shi muke koya wa.”

Na ce yana tafiya. Uwarta ta rasu, ka sani, 'yar'uwa mace ba ta da ita. Sai ni.

Istifanus, yarinyar nan tun da ka kawo ta gidan nan ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. In na shigo ɗaki durƙusawa take. Ɗankwali bai taɓa zamewa daga kanta ina wurin ba. Ita ce yanzu nake ce wa ta kwanta ta buɗe ƙafa, in wanke hannu, in sa tabarau in sunkuya. Ni da na yi shekara talatin ban haɗa ido da uwar ubanka ba. Takan ja zani ta rufe fuska. Ba ta kuka da sauti, amma ina ganin zanin yana motsi. In mun gama sai ta ce, “Sannu Mama, ki yafe ni.” Kullum, sau huɗu.

Watan jiya ina wanki sai na ji ƙulli a bakin zaninta. Na kwance, ƙwayoyin nan ne, sun jiƙe sun zama kamar kamu. Na duba sauran zannuwan, haka. Ashe ta daina sha. Ruwan ma da nake ajiye mata juyewa take a gindin zogale. A tunaninta in ta bar ƙwayar fitsarin zai riƙa zubowa da kansa, sai a daina robar. Ta gwammace ta zauna cikin jiƙa.

Na yi faɗa, ban ɓoye maka ba. Na ce so take ta mutu a hannuna a ce uwar miji ce. Ta bari na gama, sannan ta ce, “Mama, da a ce shi ne, zan iya.”

Na mayar da ita asibiti. Likita ya ce ko ta bar ƙwayar ragowar ba zai daina taruwa ba, jijiyar ce ta lalace, rashin shan ruwan kuma shi ke ƙara hura ciwon. Karo na uku ke nan ana mata allurai a shekarar nan. Ya ce ƙoda ba ta yin haƙuri har abada. Yanzu a tafin hannuna take shan ƙwayar ina kallo, kamar fursuna, robar kuma wata rana ta yarda sau biyu, wata rana ta juya wa bango fuska. Ba zan danne 'yar mutane ba.

Ba wani abu nake nema ka aiko ba, kada ka ba direba saƙo. Hannunka ake nema. Kai ka tsaya gaban fasto da kwat ɗin aro ka ce cikin ciwo da lafiya, ina zaune a layin gaba, na ji da kunnena. In ƙyama kake ji, ni na wanke naka kashin shekara uku ban gudu Fatakwal ba.

Na san tsoro ne. Tun kana ƙarami haka kake, ranar da ubanka ke jinya, a bayan ɗaki na same ka ka toshe kunne. Ban manta yaron nan ba, shi nake rubuta wa. Abin ba wuya, ɗana. Ni da idona ya fara hazo na koya a yini biyu. Nas ɗin tana koyarwa duk Alhamis da safe, ta ce in ka zo ba za ta tambaye ka inda ka shiga ba. Ni ma ba zan tambaya ba.

Ubangiji ya tsare ka a inda kake, ya hana ka sukuni har ka shigo mota. Ya riƙe ƙodar yarinyar nan kafin ka iso. Ranar da naka jikin ya ƙi ka, ya ba ka hannun da ba za ka rufe fuska a gabansa ba. Ba baki na yi maka ba. Amin.

Zan tsaya nan, sha biyu ta kusa, lokacin robar ya yi, ban san ko yau za ta yarda ba.

Ni ce wadda ta haife ka,
Talatu mai ƙosai, Samaru.