Kwaɗo a Shagon Baba

Yaya Sagir,

Na ga ka dawo daga aikin kwana a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba.

Jiya da la'asar mutanen ƙaramar hukuma sun je shagon waldar Baba na Sharaɗa, sun shafa jan fenti a ƙofa, sun garƙame ta da sarƙa da kwaɗo. Wai tarar rumfar da ya kafa a kan kwata ce, har ya rasu bai biya ba. Ranar jana'iza mun yi ta cigiyar masu bin sa bashi, babu wanda ya tuna da hukuma.

Na ce wa babbansu mai shagon ya rasu tun kafin azumi. Sai ya ce, "Baiwar Allah, wane ne ya rasu? Kullum da safe yana zaune a bencin ofishinmu, yana cewa a ƙara haƙuri, 'ya'yansa na nan tafe." Ya siffanta min shi, Yaya, har ɗan yatsan da inji ya guntule masa. Ya ce bai taɓa ganin shigowarsa ba, sai dai ya ɗago kai ya gan shi.

Na san halinka. Don Allah kada ka je ka fasa kwaɗon nan. Na sayar da 'yan kunnena, na tafi in biya.

Sauri nake in riga Baba isa. In na tarar da shi a bencin nan, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Rufaida